Hamdiyya Ba Guduwa Ta Yi Ba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga ƙasar Sin. Yaya ƙafar taki? Yaya ƙanwata Suwaiba da mutanen Ƙofa? Mu nan lafiya lau. Kasuwa ce ta ɗan ja baya, amma muna ci muna sha.

Suwaiba ta ce ranki ya ɓaci ranar Juma'a, wai jikarki ta ga fuskarki a waya ta gudu, tunda uwarta 'yar Sin ce, ba ta koya mata gaisuwa ba. Inna, wallahi ba guduwa Hamdiyya ta yi ba, durƙusawa ta yi. Uwar tata ce ma ta yi sati guda tana koya mata. Ni ne na riƙe wayar a sama, sai bango kika gani, kika kashe.

A makaranta yara kan ce ba tasu ba ce, saboda gashinta. Rannan ta ce musu ai ita gida biyu gare ta. Kada ki ƙaryata ta, Inna.

Juma'a mai zuwa zan sauke wayar ƙasa. Ki sa mata albarka kawai, tuni ta haddace "amin".

Ɗanki,
Kamaluddeen