Katin Rayko

Litinin, 3 ga Oktoba, 1994
Shekara goma sha ɗaya ke nan da suka raba ni da aji suka jefo ni ɗakin karatun ƙauyen nan. Ni da na yi jami'a a Sofiya, ni ke miƙa wa jahilai shara. Rayko mai gyaran agogo ya sake zuwa, ya ari littattafan labarin kisan kai biyu. Katinsa na aro ya cika da su. Na ce, "Ba ka ƙoshi da jini ba?" Dariya ya yi. "Malam, ba ni mai gawa da yawa." Tsvetan kaɗai ke aron waƙoƙi. Shi ne mutum.

Alhamis, 6
An tsinci Dobri a gonar inabinsa, an fasa masa kai da gatari. Ƙudaje sun riga mu isa.

Juma'a, 7
A mashaya kowa na faɗin nasa. Na sha kofi uku na barasa. Na fito da katin Rayko na karanta musu sunayen littattafan ɗaya bayan ɗaya. Na ce wanda ke cin wannan kullum, me kuke tsammani? Na ji daɗin yadda suka yi tsit. Rabon da a saurare ni haka tun ina aji.

Asabar, 8
'Ya'yan Dobri sun jawo Rayko daga shagonsa da rana tsaka. Sandar shinge, takalmi, sai dutse. Ina tsaye bakin taga. Yana ta cewa, "Me na yi muku?" Ƙaramin ya ce, "Duba a littafinka!" Jini har kan matakalarmu. Ni na wanke.

Laraba, 12
Tsvetan ne ya kashe Dobri. Rigimar iyakar gona. 'Yan sanda sun sami gatarin a rijiyarsa. Littafin waƙoƙin da na zaɓa masa da hannuna yana kan teburinsa.

Lahadi, 16
Baba Nevena, mahaifiyar Rayko, ta aiko a kira ni. Shekara shida tana kwance. Littattafan nata ne. Shi ke karanta mata, in an zo wurin gawa sai ya tsallake, ita kuma ta zage shi. Ta ce, "Ɗana ko kaza ba ya iya yankawa, Malam. Kai mai ilimi, zauna. Mun tsaya a shafi na casa'in."

Na zauna.

Alhamis, 20
Kwana biyar ina zuwa. Rubutun banza ne, ban canja ra'ayi ba. Amma a labarin ina zargin direban, ita tana zargin matar likita, kuma yau na yi saurin rufe ɗakin karatu.

An dawo da Rayko daga asibiti. Ya zauna a kusurwa yana saurare. Na ƙona katin, ban san amfanin hakan ba.

Idon dama sun cire shi. Na hagu yana ganin haske kawai.