Muryar Inna a Gonar Kowa

Assalamu alaikum Hajiya Yakaka. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, na yi abin da ban san ta inda zan fara gyara shi ba. Sau uku ina fara rubuto miki ina gogewa. Ki yi haƙuri idan zancen ya zo a hargitse, haka kaina yake.

Ni ce auta a ɗakinmu. Ina aure a cikin garin Haɗeja, ina koyar da kwamfuta a wata makaranta. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana ƙauyenmu ta wajen Kirikasamma. Mu Fulanin gida ne, shanun sun daɗe da ƙarewa, sai 'yar gonar shinkafa a fadama da Baba ya rasu ya bar mata. Duk wanda ya san yankinmu ya san bala'in jan-baki. Da shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen nan za su taso daga cikin ciyawar kacala su rufe gona, idan ba mutum a wurin kafin azahar sun gama da ita. Inna da shekarunta haka take wuni a rumfa, tana jan igiyar gwangwanaye tana ihu har muryarta ta dishe.

Tausayinta ne ya sa na fara, wallahi Hajiya, ko da yake ba zan ce babu son samu a ciki ba. Na koyi haɗa 'yan ƙananan manhajojin waya, irin masu sauƙin nan da ake sa wa talla, duk wanda ya buɗe a ɗan samu wani abu. Sai na ce me zai hana in yi wadda za ta riƙa korar tsuntsu? Manomi ya haɗa waya da sifika, ya rataye a sanda, ya samu ya huta. Bara da damina na je gida, na ce wa Inna ina so in ɗauki ihun da take yi. Ta yi dariya ta ce auta da neman magana, ta yarda. Na ɗaure wayar a jikin rumfa na tafi gaishe-gaishe cikin gari, na shantake, ban dawo ba sai bayan la'asar. Ita kuma ta manta da wata waya.

A nan dole in gaya miki zancen yayana. Zan kira shi Tukur, ba shi ne sunansa ba, na yaɗa na gaskiyar ya isa haka. Shi ne ɗan farin Inna. Kin san al'adarmu. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, bai taɓa kiran Inna da Inna ba, Adda yake ce mata, kamar yayarsa ce. Ita kuma shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Wancan take cewa, ko mai keken nan, tunda ambaliya ta cinye masa gona ya dawo Haɗeja yana jan Keke Napep. Ko mai irin sunansa ne ya zo gidan, sai ta nemo masa wani laƙabi. Idan Yaya ya shigo gaishe ta, kanta na kan tsintar shinkafa har ya fita.

Da na dawo gida na saurari abin da wayar ta ɗauka, sai na ji abin da ban taɓa zato ba. Tsakanin ihu da ihu, idan tsuntsaye sun lafa, Inna tana magana ita kaɗai. Tana kiran sunan Yaya. Ba sau ɗaya ba. Tana jan sunan a hankali cikin wata 'yar murya kamar mai rarrashin jariri, tana roƙa masa Allah ya tsare shi a kan titi, ya mayar masa da abin da ruwa ya ci. Daga nan sai tsuntsaye su dawo ta kwatsa ihu, sai kuma ta koma kan sunan. Na yi kuka sosai ranar. Da a nan na tsaya, da ban rubuto miki ba.

Na yanke ihun da ƙarar gwangwanaye kawai, na haɗa manhajar, na sa ta a kasuwar manhajoji. Wata biyu shiru. Mutum tara suka sauke, huɗu a ciki ɗalibaina ne. Na shiga karance-karancen yadda ake tallata irin wannan kaya. Na sauya mata suna, na cusa kalmomin da manoma ke nema, na gyara hotuna, na roƙi 'yan uwa su ba ta taurari biyar. Ta ɗan motsa kaɗan. Duk inda na duba maganar ɗaya ce, wai ɗan gajeren bidiyon da mutum zai fara gani shi ne komai, a sa abin da zai taɓa zuciya. Ni kuwa na san ina da abin da zai taɓa zuciya.

Ba kuskure ba ne, Hajiya, kada ki nema min uzuri. Da hannuna na yanko wurin da take kiran sunan da addu'ar, na ɗora a kan hoton gona, na mayar da shi tallan. Na kuma sa shi a cikin sautukan manhajar. Na ce wa kaina ai Inna ƙaramar waya take riƙewa, ina za ta ji? Kaico, sai ka ce ba a fadamar nan aka haife ni ba.

Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Aka yi ta saukewa, ana rubuta sharhi, wani ya ce muryar ta tuna masa da tasa uwar, wani ya ce tsuntsaye sun fi tsoron tsohuwar nan a kan majajjawa. Na fara samu, na ji daɗi, har na yi wa Inna atamfa ban gaya mata daga ina ba. Samari suka ciro wurin sunan suka mayar da shi ƙarar kiran waya, suna tura wa juna. Bana da shinkafa ta fitar da kai, sai ga sifikoki a kan sanduna gona bayan gona.

Wata safiya Inna ta kama hanyar gona da ƙwaryar furarta. Tun kafin ta isa ta ji kanta. Daga gonar maƙwabci, daga ta gaba da ita, muryarta na kiran ɗan farinta da ƙarfin sifika, mutane na aiki suna ji. An ce ta daɗe a tsaye a kan kunyar gona, sannan ta juya gida. Yau kwana goma sha shida ba ta sake taka gonar ba. Ta daina zuwa suna da biki, don a wani suna da ta je matan suka tarbe ta da tsiya, wai ashe ana so ake ɓoyewa. Tsuntsaye sun riga sun ci gefen gonar na gabas.

Na je da gudu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Abu ɗaya ta ce, wai ita da Ubangijinta take magana, ba da jama'a ba. Tun daga nan ta daina ce min auta. Da cikakken sunana take kirana, tana gaishe ni a tsanake kamar baƙuwar da ta zo daga nesa. Ta aiko ƙaninta Kawu Badaru ya ce min in shafe abin nan daga duniya. Atamfar ma ta dawo a ninke.

Ga kuma inda kaina ya ƙara kullewa. Yaya ya ji sautin ne a wayar wani fasinja, yana tsakiyar tuƙi. Ya ce min sai da ya gangara gefen titi ya sauke mutanen. Namiji mai 'ya'ya biyar ya zauna a tsakar gidana yana kuka. Ya ce duk rayuwarsa ya san al'ada ce, amma wani ɓangare na zuciyarsa bai taɓa yarda tana son sa ba. Ya san kuma akwai saura, don na yi suɓutar baki. Akwai fiye da awa guda da ban sa ba, har da labarin ranar da aka ɗauke shi, da yadda take laɓewa a bayan danga ta ga ko ya ci abinci. Kullum sai ya kira ni yana roƙo in tura masa.

Na cire bidiyon tallan, amma manhajar tana nan, na kasa cire ta. Ina ce wa kaina manoma na amfana, alhali na san har da kwaɗayina. Inna ta ce in shafe, Yaya ya ce in ba shi. Na yi nadama irin wadda ban taɓa yi ba. Ni dai so nake uwata ta sake ce min auta. Yaya zan yi?

Autar Inna, daga Haɗeja.

*

Wa alaikumus salam 'yata.

Tunda kin ce kada in nema miki uzuri, ba zan nema ba. Ɗaukar da wayar ta yi tsautsayi ne, yankowar da kika yi kuwa zaɓi ne. Izinin ihu Inna ta ba ki, kika haɗa da sirrinta. Amma zan faɗi naki alherin: sana'arki halal ce, dabarar korar tsuntsun mai kyau ce, kuma mai mugun hali ba ta rubuto irin wannan wasiƙa. Sai dai kwana goma sha shida kina nadama, muryar tana ci gaba da fita. Nan ne zan ja miki kunne.

Yau ɗin nan ki cire muryarta gaba ɗaya, har da ihun da ta yarda da shi, don yanzu kowa ya san mai shi. Ki sa taki muryar da gwangwanaye, ki fitar da sabon zubi, ki rubuta a fili cewa an sa tsohon sautin ba da yardar mai shi ba, kina roƙon a daina amfani da shi. Idan masu saukewa sun ragu, su ragu. Jan-baki bai san muryar Inna daga taki ba, mutane ne kika yi wa tallan.

Waɗanda ke fadamarku kuma ba rubutu zai kai musu ba, ƙafa ce. Ki ɗauki Kawu Badaru ku bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, ki faɗi laifinki da bakinki, ki sauya musu sautin da hannunki. Manomi ya san mutuncin dattijuwa, kaɗan ne zai ƙi. Na wayoyin samari ba duka za ki kamo ba, saboda haka kada ki je ki ce wa Inna an shafe daga duniya. Ki gaya mata iya abin da kika iya da abin da ya fi ƙarfinki. Ƙarya ta biyu za ta fi ta farko ciwo.

Kada ki sake kai mata zane ko wani abin hannu yanzu. Ki nemi izinin maigidanki da na makaranta, ki je ki zauna a rumfarta, ki ja igiyar nan, ki yi ihun da kanki har a yanke abin da ya rage. Kada ki rataya sifika a gonarta. Bari ta ji an ce autarta na can tun safe murya ta dishe.

Sai zancen yayanki. Ina tausayinsa ƙwarai, kuma ba zan ce hawayensa ba su da hakki ba. Kunyar ɗan fari al'ada ce, ba farilla ba, ta kuma bar wa 'ya'ya da yawa irin wannan ƙishin. Amma ba ke za ki yaye wa Inna ita da ƙarfi ba, kin gwada kin ga abin da ya biyo baya. Maganar da ta rage ba taki ba ce balle ki bayar, ba kuma ta Tukur ba ce tukuna. Idan kika tura masa a ɓoye, kin maimaita laifin ne da kyakkyawar niyya. Idan kika goge a ɓoye, kin sake yanke hukunci a kan abin da ba naki ba. Ki ce masa ya yi haƙuri, abin da kunnensa ya riga ya ji ba mai ƙwace masa.

Akwai abin da na lura ba ki ambata ba. Inna ta san matan gidan suna sun ji, ta san maƙwabta sun ji. Shin ta san abin da ya faru da ɗanta a gefen titi? Ina zaton ba wanda ya gaya mata. Bayan an yi yankan shinkafa, ki same ta ita kaɗai, ki nemi gafara ba tare da kawo dalili ba. Sannan ki ba ta labarin keken da kukan, ba sai kin kama suna ba, ta san wa kike nufi. Ki gaya mata ya roƙi sauran. Ki ajiye wayar a kan tabarma a gabanta, ki yi shiru.

Idan ta ce a goge, ki goge tana kallo, ki kuma riƙe bakinki har abada. Idan kuwa ta kawar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta turo miki wayar da bayan hannu, kada ki tambaye ta me take nufi. A gidan kika tashi. Ki ɗauka ki kai wa mai keken nan.

Sunan auta kuma kada ki roƙe shi, ki bar ta ta dawo da shi ranar da ta ga dama. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya tsare yayanki a kan titi kamar yadda ta roƙa, ke kuma ya sa albarka a sana'arki.

Hajiya Yakaka