Muryar Kawu Yakuba

Gaya, ranar Talata

Zuwa ga Yayata Zuwera,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da duk mutanen Tunuga.

Yaya, muryar nan ta Kawu Yakuba da ke yawo a wayoyin mutane, inda ake jinsa yana cewa Alhaji Lawali ya yashe su lokacin ambaliya, ni na haɗa ta. Abin da Kawu ya faɗa mini, na kuma naɗa a waya, shi ne, kowa ya yashe su, ban da Alhaji Lawali da ya aiko da jiragen ruwa aka kwashe su. Masu yaƙin zaɓen abokin hamayyar Alhajin, waɗanda nake yi wa aiki, suka ce in gyara. Na cire "ban da", na dawo da sunan gaba. Na ce wa raina ai siyasa ce, kowa yana yi, bayan zaɓe za a manta.

Yanzu na ji ana ce wa Kawu butulu, ba mai amsa gaisuwarsa, har an yayyanka masa tarunsa na kamun kifi. Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba!

Na tura miki ainihin maganar. Don girman Allah ki kunna wa liman da sarkin ruwa. Ki faɗi sunana, kada ki rufa mini asiri.

Ƙanenki,
Sanusi

Gaya, ranar Laraba

Yaya Zuwera,

Ina gaishe ki, da fatan kun tashi lafiya. Yaya Kawu yake?

Saƙonki ya iso. Ashe da ya ji sunana, sai ya miƙe a masallaci ya ce maganar tasa ce, ba wanda ya taɓa ta, ni kuma a ƙyale ni? Yaya, wannan ya fi duka zafi.

Na je gidan rediyo, sun ce sai bayan zaɓe. Na watsa ta gaskiyar da kaina, ba mai turawa gaba. Ta ƙaryar kuwa har ƙetaren kogi ta kai. Na ajiye aikin, amma ba abin da hakan ya gyara.

Ina nan tafe ranar Juma'a, zan tsaya gaban jama'a in faɗa da bakina. Abu ɗaya nake roƙonki: ki san yadda za ki yi ki riƙe Kawu a gida. In yana wurin, zai ƙaryata ni.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Sanusi