Ƙudujin da Ka Bar Mini

Zuwa ga ƙanena Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai rai ga wanda ya riga shi, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Da kana raye ma sai ka yi wa ajamina dariya yadda ka saba, ka ce kamar kaza ta yi tono. To, ban yi boko ba, kuma duk wanda na faɗa wa maganar nan cewa zai yi tsufa ya taɓa ni. Shi ya sa na zo gare ka.

Gida lafiya. Damina ta yi kyau a Baure bana, gero ya fid da kai. Hajara matarka ta gama takaba tun tuni, ta koma Kano wurin yara. Ta bar mini lambobin yabonka da alkyabbar nan ta farfesoshi, da hoton da aka ɗauke ka a Turai ranar da manyan masana suka sa ka cikin sahunsu. Na rataye su a zaure. Kusa da su na manna ɗayan hoton, wanda ka ce shi ne aikin rayuwarka, mai kama da hanjin kaza da aka rina kala-kala. Baƙi su kalle shi su kalle ni, ni kuma in gyara murya kamar na gane.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar ƙuduji ce, wuta-wutar nan da ka sa na riƙa bari a kusurwar gabas ta gonar Baba.

Ka tuna shekarar da ka dawo da digirinka na ƙarshe? Ka durƙusa a gona da fararen kaya kana kallon ciyawar da ta talauta ubanmu. Ka ce in daina tuge ta a kusurwar nan, in bar ta ta yi fure ta yi ƙwaya, kai kuma duk kaka za ka zo ka karkaɗe irin ka tafi da shi. Na ce ka haukace, kana dariya. Ka zaunar da ni ƙarƙashin gawo ka yi mini bayani. Wai ƙwayar nan da ba ta kai garin taba girma ba, tana kwance a ƙasa shekara da shekaru kamar matacciya, sai ta ji ƙamshin saiwar gero ta farka ta kama shi da tsotso. Wai a cikinta akwai wani ɗan abu kamar kuba, ƙamshin gero ne mabuɗinsa. Kai aikinka ka ga siffar kubar nan, lungu da saƙo, ka daskarar da ita cikin sanyin da ya fi ƙanƙara, ka ɗauki hotonta da na'urar da ta kai rumbu girma. In an san siffarta sai a ƙera mabuɗin ƙarya, a tayar da ƙwayar ba gero a gona, ta fito ta mutu da yunwa.

Wallahi ranar nan dabarar ta burge ni. Ban nuna maka ba, don wa ba ya yabon ƙane a gabansa.

Daga ƙarshe ka ga siffar. Rediyo ta faɗa, aka kira ka ƙasashe, aka yi ta rataya maka lambobi. Duk wanda ya tare ni da murna sai in ce a raina, ai daga gonata aka ɗebi abin. Ban taɓa faɗa maka wannan ba. Kullum ka zo mita nake yi, ina cewa ka hana ni damin gero saboda ciyawa. Ashe kusurwar nan ita ce rabona a cikin iliminka, Hamisu. Ba ni da wani.

Ciwo ya ɗauke ka bara bayan girbi. Da ruwa ya sauka bana na shuka kusurwar yadda muka saba, ƙuduji ya fito, na bar shi. Yanzu ya yi fure jawur, ana hango shi daga kan hanyar Daura.

Tanimu ya kai ni ƙara wurin dagaci. Ka san shi, ɗan marigayi Malam Sale, mai gonar da muke iyaka. Ya ce da kana raye sun yi haƙuri saboda ana sa ran magani, yanzu kuwa wa ake noma wa masifa? Ya ce farfesan ciyawa ya tafi ya bar musu ciyawar. Da na ji wannan sai da na ɗaga sanda, mutane suka riƙe ni. Dagaci ya ba ni zuwa Juma'a in tuge shi, kafin ƙwayar ta nuna. Na ce a gaban kowa ba zan tuge ba ko sama da ƙasa za su haɗe.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ake kira in an yi rigimar gona a garin nan. Ni na san inda kowace iyaka ta bi tun zamanin kakanni, da wanda ya haƙa wace rijiya. Da bakina na sha faɗa wa mutane dokar magabata, cewa ƙuduji tuge shi ake kafin fure a ƙone, don iska ba ta san iyaka ba. Yau ga ni ina taka ta.

Na sa an kira mini ɗalibarka, Dakta Rabi, wadda ta yi ta kuka ranar ta'aziyya. Ta gaishe ni da ladabi, Baba kaza Baba kaza. Sannan ta ce irin da ka tara yana nan a sanyi, ya ishe su, ba sai na wahala ba. Na tambaye ta mabuɗin ƙaryar fa? Ta ce ana kan aiki, da saura. Da saura har yaushe? Kai ma haka ka yi ta cewa har ka kwanta. Na so in tambaye ka ko zan gan shi da idona, kunya ta hana ni. Ka san amsar ka ɓoye mini ne, ko kai ma ba ka sani ba?

Jiya na zaga ta gonar Tanimu ba da saninsa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kunyoyin da ke jikin iyakarmu duk sun tsumbure, ganye ya yi rawaya, ba zangarniya ɗaya ta kirki. Mutumin nan bakuna da yawa yake ciyarwa. Da kai ne a wurin, me za ka ce? Ba don irin su Tanimu ka ƙare ganinka a kan na'ura ba?

To ga abin da na yanke. Ba zan jira Juma'a ba, kada wani ya ce dagaci ne ya tanƙwara ni. Ranar Alhamis da hantsi zan shiga da hannuna, ba gayya ba ɗan taya, in tuge ƙudujin tas in tara in cinna wuta. Badi gyaɗa zan sa a wurin. Na san daga ranar nan ba abin da zai rage a ƙasar Baure da zan nuna da yatsa in ce aikin Hamisu ya bi ta nan. Wannan ne ke hana ni cin tuwo.

Ka yafe mini. Amanar da ka ba ni na riƙe ta har ta fara cin haƙƙin maƙwabci, a nan ƙarfina ya tsaya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wanda zai ƙarasa aikinka ya riga ya zo duniya. Sai na iso.

Ni ne wanka mai taurin kai,
Ilu na Baure