Kyamarar da Ta Kamo Hannun Musa

Zuwa ga Yayana, Malam Tanimu mai kalangu, a Minna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yarka Hadiza da maigidanta da yaransu. Mu nan Tudun Wada lafiya lau muke, sai zafi da ɗaukewar wuta, waɗanda ka bar mu da su kuma suna nan yadda ka san su.

Na rubuto ne domin waya ba ta da amfani tsakanina da kai tun da sanƙarau ya tafi da jinka. Na kuma sa wasiƙar a fili inda jama'a za su gani, saboda tun ranar bikin al'adun nan ake tare ni a hanya ana tambayata wace irin kyamara ce na riƙe, kuma me ya kai tsohuwar malamar firamare ga ɗaukar hoto. Bakina ya gaji da maimaitawa. Su leƙo su karanta tare da kai, in ya so kowa ya huta.

Ka san inda maganar ta samo asali, amma su ba su sani ba. Lokacin da ciwon ya kwantar da kai, Musa bai fara rataya kalangu ba tukuna. Yau ga shi magidanci, shi ke gaban makaɗan da kai ka taɓa jagoranta, kuma ko bugu ɗaya nasa ba ka taɓa ji ba. Ga shi ɗan farinka ne, ba ka kiran sunansa, ba ka tambayar labarinsa, in ma ta kama dole sai ka ce "wancan na wajenki." To ni ba ɗan farina ba ne, a ɗakina ya tashi, don haka zan faɗi sunan iya son raina. Musa, Musa. Ka yi ta sunkuyar da kai a can Minna.

Bara ka sa Hadiza ta rubuto mini cewa in na je wajen biki in ɗauko maka hannuwan makaɗa. Makaɗa, wai. Kamar hannun kowa da kowa ne ya dame ka. Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, daga baya kuma na ji tausayinka ya kama ni, don na gane abin da kake nema kuma bakinka ba zai iya faɗa ba.

Da farko bidiyo na tura maka, ina ganin na yi dabara. Amsar da ta dawo har yau tana raina. Ka ce bidiyo na masu kunne ne, kana ganin kowa yana rausaya kai kana zaune kamar baƙo, amma hoto shiru yake yi wa kowa, a gabansa kai da mai ji ɗaya kuke. Ban ƙara tura maka bidiyo ba.

Sai na koma ɗaukar hoto da waya. Rumfa ta fito, babbar rigar Musa ta fito, fuskarsa tar, amma hannun da ke riƙe da sandar kiɗa ya zama wani farin hayaƙi. Ka ce, "Me zan yi da fuska? Na san ta." Nan ka tona wa kanka asiri, Yaya, don ba fuskar makaɗa ka sani ba, fuskar mutum ɗaya ce.

Ina tuna lokacin da Inna ke aikena in kai maka koko a rumfar mahauta da safe, ina 'yar yarinya, kana tsaye kana yi musu take suna fiɗa. Na taɓa tambayarka yadda ake yi ganga ta kira sunan mutum. Ka kama hannuna ka ɗora a kan tsarkiyar, igiyar fatar nan da ke jikin kalangu, ka matsa ta da hammata, ka saki, ka sake matsawa. Ka ce in daina kallon sanda kaɗai, in riƙa kallon gwiwar hannun hagu, a nan muryar take hawa da sauka. Wannan ne ya sa na san cewa hoton da zai yi maka amfani sai ya tsayar da hannu biyun cak, na sanda da na tsarkiya, a lokaci guda.

Na fara da kuskuren da kowa ke yi, wato ganin cewa babbar kyamara ita ce magani. Mijin wata ƙawata a Hanwa ya ara mini tasa, baƙa ƙirin mai dogon hanci, nauyinta kamar dutsen guga. Na tafi da ita wani bikin aure a Gyallesu don gwaji. Ina miƙewa tsaye da ita a wuya, maroƙi ya hango ni. Kafin in gano inda ake dannawa, ya riga ya naɗa ni Hajiya babbar 'yar jarida, kiɗa ya juyo kaina, mata suna guɗa. Makaɗan kuma suka gyara tsayuwa, suka ƙame, kowa yana murmushi yana kallon kyamara, hannu a sanƙare. Na dawo gida da hotunan mutane masu riƙe da ganga, babu na mai kiɗa ko ɗaya, kuma wuyana ya kwana biyu yana ciwo.

Daga baya ma na ji cewa a filin bikin al'adu ba a barin kowa ya shiga da irin wannan babbar sai 'yan jarida masu kati a wuya. Sauran jama'a bayan igiya suke tsayawa. Ka ga ke nan abin da nake bukata ƙarama ce, wadda za ta shige jakata tare da carbi da goro, wadda in na fito da ita maroƙi zai ɗauka tsohuwa ce ke wasa da waya.

Akwai wani mai gyaran kyamara da sayar da na hannu a wajen Kwangila, can na nufa. Ya fito mini da guda biyu, duk ba su wuce tafin hannu ba. Ta farko ita yake ta yabo. Tana jawo nesa kusa ƙwarai, har ya nuna mini rubutun jikin wata mota a ƙetaren titi, na karanta shi tsaf. Ta biyu ba ta jawowa da nisa haka, amma idonta ya fi faɗi, ya ce ta fi shan haske. Shi a ganinsa ta farkon ce ta dace da biki, tunda daga nesa zan tsaya.

Ban yi masa gardama ba. Na buɗe jaka na fito da tsohuwar sandar kiɗanka, lanƙwasasshiyar nan da ka bari a ɗakin Inna, na ce mu shiga can ƙuryar shagon inda babu haske sosai, ya buga mini kwali da ita iya saurinsa. Ya dube ni kamar na taɓu, amma mutumin kirki ne, ya buga. Kiɗan dai Allah ya rufa asiri da ba ka ji ba. Na ɗauka da ta farko, sandar ta zama hayaƙin nan da ka sani. Na ɗauka da ta biyu, sai ga sandar tsaye a iska, har tsagewar da ke bakinta ana gani.

Abin da ya bayyana mini shi ne, kyamara ƙiftawa take yi kamar ido, kuma sai ta ƙifta da sauri sosai kafin ta kama hannun makaɗi. Mai ƙaramin ido, in ta jawo nesa, hasken ba ya isarta, dole ta daɗe ido buɗe, kafin ta rufe hannun ya riga ya wuce. Ni kuwa na san bikinmu. A takarda za a ce ƙarfe kaza, amma masu jawabi sai sun cinye rana, makaɗa ba sa samun fili sai bayan la'asar sakaliya, a ƙarƙashin rumfa kuma. Na ɗauki ta biyu. Nisan da ba ta jawowa, na ce ƙafata za ta cike shi.

Tunda masu tambaya suna karantawa, bari in ƙarasa musu sauran. Ku duba ko in an danne maɓallin tana ɗauka a jere ba tsayawa, domin bugu ɗaya ba ya nuna take, sai an ga abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya. Ku duba ko allonta yana lanƙwasowa ƙasa, musamman in ku gajeru ne irina, don za ku ɗaga ta sama da kawunan mutane. Filasha ku kashe ta, ba ta isa inda makaɗa suke, sai dai ta haska ƙeyar na gabanku ya juyo yana harara. Ku kashe ƙarar da take yi in an danna. Ku sayi batir na biyu, ku caja su duk lokacin da aka kawo wuta, kada ku jira daren biki. Kuma in haske ya ragu hoton zai yi tsaki-tsaki kamar an barbaɗa masa gari. Ku bar shi haka, ya fi hannun da ya narke.

Na yi makonni ina koyo. Na ɗauki maƙwabciyata tana daka, na ɗauki mai faskare, na ɗauki kaji suna faɗa. Unguwa ta gama yanke hukuncin cewa ritaya ta taɓa mini kai. Ban kula su ba.

Ranar bikin tun kafin a gama kafa rumfuna na isa, na dasa kujerar robata jikin igiya, daidai gefen hagu, inda gwiwar hannun mai kalangu za ta fuskance ni. Wani mai tsaron fili ya zo zai tashe ni, ya ga furfura ya fasa. Na sha rana, na sha jawabi. Kamar yadda na zata, sai da inuwa ta yi tsawo aka kira su Musa.

Babu wanda ya lura da ni, Yaya. Maroƙi ya wuce ta gabana bai ko dube ni ba. 'Yan jarida masu manyan kyamarori suna can wajen manyan baƙi. Musa ma bai san ina wurin ba, don ban gaya masa zan zo ba. Ya fara a hankali, yana ɗan waige-waige, sai can ya manta da jama'a, ya rufe ido. Na danne maɓalli na yi ta ɗauka.

Can tsakiya ya sauya kiɗa. Wasu dattawa daga cikin mahautan kasuwarmu, waɗanda ka yi wa take suna samari, suka miƙe tsaye a bayana, ɗaya har da ɗaga sanda sama. Na san taken, kai ma ka san shi fiye da kowa a duniya, amma ba zan rubuta sunansa a nan ba. Hawaye ya rufe mini allon, ban ma ga abin da nake ɗauka ba. Kyamarar ce ta yi aikinta.

Washegari na kai hotunan aka wanke su a takarda manya-manya, tunda na san ba ka son leƙen waya. Na jera su yadda suka biyo juna, na sa lamba a bayan kowanne, na ba direban motar Minna a cikin ambulan mai kauri. Hadiza ta san inda za ta karɓa. Ka shimfiɗa su a tabarma daga dama zuwa hagu yadda ka saba, ka bi su a hankali. Hannu biyun duk sun fito. Har zufar da ke kan tsarkiya ta fito.

Saura abu ɗaya. Kafin in rufe ambulan ɗin Musa ya shigo gaishe ni, ya tarar da hotunan baje a kan gado. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki guda, wanda gwiwar hannunsa ta matse tsarkiya sanda tana sama, ya juya shi, ya sake juyawa. Sannan ya tambaye ni, idonsa a ƙasa, ko har da wannan za a kai Minna. Na ce har da shi. Ya ce to, in an ga gyara, a faɗa wa Goggo, wato ni. Bai ce wa zai gani ba. Shi ma ba zai iya kiran naka sunan ba.

Kun gajiyar da ni, ku biyun nan. Shekara da shekaru ina tsakaninku, wannan yana son ya tambaya, wancan yana son a tambaye shi, kowa ya kame baki. Amma ina son ku a hakan, kuma ban yi nadamar ko taku ɗaya da na yi zuwa Kwangila ba. Ba na neman ka karya al'ada, Yaya. Ba sai ka ambaci kowa ba. In ka gama kallo, ka sa Hadiza ta rubuto mini sunan taken, in san ko ka ji shi. Sannan ka ƙara mini kalma biyu kawai, ko "hannun ya zauna" ko "da saura." Duk wadda ka faɗa zan kai ta yadda take, ba zan ƙara mata gishiri ba. Tun ranar nan kullum da yamma sai Musa ya biyo ta gidana, wai ya zo gaishe ni.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri, ya sa abin da ka rasa na ji ya zama kaffara. Allah ya ƙara wa idonka haske. Ya jiƙan Inna da Baba, ya yi wa Hadiza albarka bisa riƙon da take maka, ya yi wa wancan na wajena albarka a hannunsa. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam. Ina sauraron amsa, kuma ba ni kaɗai ba.

Ƙanwarka,
Ladidi, Goggon Musa
Tudun Wada, Zariya