"Da Sauƙi" Irin Na Inna

Kwarbai, Zariya

Yaya Suhaib,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Batul da yara. Ya ruwan Fatakwal?

Albishirinka! Amma ka bari in faro daga tushe, duk da na san ka da gajen haƙuri.

Ka san tun bayan Babbar Salla ciwon zuciyar Inna ya kumbura mata ƙafafu, numfashi yana yi mata wuya, har ta koma salla a zaune. Tsoronta ɗaya, kada ta mutu ba ta sake kai goshinta ƙasa ba. Duk zuwanmu asibiti likita zai tambaye ta ya jiki, idonsa na kan kati. Inna kuwa, ko ranta ake zarewa, "da sauƙi" za ta ce. Shi kuma sai ya gaskata, ya maimaita magani, a kira na gaba. Haushi kamar ya kashe ni, ga shi ba dama in ƙaryata uwata a gaban mutane.

Watan jiya muka faɗa hannun wata Dakta Hafsat. Inna ta miƙa mata "da sauƙin" nan, sai daktar ta yi murmushi, ta ajiye biro, ta juyo da kujerarta, ta tambaye ta yadda take salla. Nan hira ta ɓarke. Ashe, Yaya, ƙwayar nan mai sa fitsari, wadda ke janye ruwan jiki, Inna ta daɗe da daina sha! An ce mata ta sha bayan abinci, ita kuma sai azahar take ci, ƙwayar ta yi ta karya mata alwala har magariba. Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da ita ban sani ba.

Daktar ba ta yi mata faɗa ba. Tare suka zaɓi lokaci: da ta idar da asuba ta sha, kafin azahar fitsarin ya lafa.

Kumburi ya saɓe, takalmanta sun shiga. Jiya da la'asar na ga ta ture kujera, ta ta da kabbara a tsaye. Da ta kai sujada ta daɗe har gabana ya faɗi, ashe kuka take yi. Ni ma na taya ta.

Ka kira ta ka tambaye ta ya jiki. Amsar da ka sani za ta ba ka, amma wannan karon ka yarda.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Sakinatu