Ƙaramar Ƙofar Babur Da Ka Sa Aka Liƙe

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsaro na Layin Bayan Makaranta,
Hamma Bobbo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, ranka ya daɗe, na san za ka ce me ya kai ni jarida alhali na san gidanka. Na san shi sarai. Na zo har na gaji, kullum sai a ce ka tafi gona Girei, ga motarka kuwa a rumfa. Tunda zaurenka ya ƙi ni, bari in faɗa inda kowa zai ji.

Ni ne Usmanu mai walda. Gidana yana sabuwar unguwar da ke bayan Makama, shagona kuma yana Ajiya a Jimeta. Kowace safiya nakan goyo 'yata Dija a babur, in sauke ta a makarantarsu, in wuce aiki.

Na farko, maganar hanya. Mai babur daga wajenmu zuwa Jimeta zaɓi uku gare shi. Akwai babban titi, inda tifa da tirela suke gudu. Akwai hanyar fadama ta gefen lambuna, mai daɗin bi da rani, amma da ruwan sama ya zauna sai taɓo ya kai gwiwa. Sai layinku, wanda yake ɓulla da mutum ta cikin unguwanni har bayan kasuwa ba tare da tayarsa ta taɓa babban titi ba. Ba son ƙura ko yashi ya sa nake bin layinku ba. A babban titin nan tifa ta take ƙanena Sa'adu, kuma kai ne ka riƙe gaban makararsa. Kana zaune a tsakar gidanmu ranar sadakar uku, lokacin da Dada, mahaifiyarmu, ta sa na yi mata alkawari ba zan ƙara ɗaukar jikarta in hau wannan titi ba. Kai ka ce amin kafin kowa.

Na biyu, maganar get. A shekarun tashin hankali, lokacin da ake sa mu kashe babur mu tura shi da hannu a gaban kowane shinge, kai ka tako har shagona. Ka ce a tare bakin layin da ƙofar ƙarfe don kada baƙuwar mota ta shigo a bar mana ita kusa da makarantar yara. Magana ce ta gaskiya, kowa a tsorace yake. Mama Ngozi mai shagon kayan abinci, wadda ta ƙi tafiya gida lokacin da 'yan uwanta suke loda kaya a mota, ita ta bayar da tsofaffin ƙyamaren shagonta. Ni na yanka, ni na haɗa, ban karɓi ko sisi ba.

Sharaɗi ɗaya na kafa maka, a gaban liman da Mama Ngozi: a bar ƙaramar ƙofa a jikin get ɗin saboda masu babur da masu tafiya a ƙasa. Da kan babur ɗina na auna faɗinta, na ƙara tafin hannu a kowane gefe don kada gwiwar wanda aka goyo ta bugi ƙarfe. Ka dafa kafaɗata ka ce muddin kana numfashi ba mai rufe wannan ƙofa. Haka ka faɗa, Hamma. Liman yana raye, a tambaye shi.

Na uku, abin da ka yi. Allah Ya kawo sauƙi, shingaye suka ragu, filayen layinku suka yi daraja. Manya suka saya, suka ɗaga katanga, suka shimfiɗa dutse a ƙofar gidajensu. Farkon daminar nan na iso da Dija a bayana, sai na tarar an liƙe ƙaramar ƙofar da walda daga sama har ƙasa. Ba kwaɗo aka sa ba, balle in ce mai gadi ya makara. Mai gadin ya sunkuyar da kai ya ce umarnin shugaba ne, wai ƙarar babura tana hana masu gidajen barcin safe. Babbar ƙofa kuwa ana buɗe wa motar da aka sani. Ko sallama ba ka yi min ba. Ka kuma rasa wanda za ka kira sai wani mai waldar da ya bar ɗinkinsa duk kumburi, a jikin aikin da na goge da hannuna. Wallahi wannan ya ƙona min rai fiye da yadda nake zato.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Fadama ta cika, layinku ya rufe, saura babban titi. Mama Ngozi ma, da aka yi get ɗin da ƙyamarenta, yanzu ta can take zagayawa a bayan babur ɗin mijinta, da kwalaye a cinya. Ni kuma kowace safiya ina karya alkawarin da na yi wa Dada, ban kuma iya faɗa mata ba. Idan tirela ta wuce mu, iskarta sai ta kaɗa babur, Dija ta cusa fuska a bayana ta damƙe rigata har maɓalli ya cire. Wurin da Sa'adu ya faɗi kullum sai mun bi ta kansa. Ba na kallon wajen.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A buɗe ƙaramar ƙofar yadda take a da. Idan ƙara ce damuwa, mun yarda mu kashe inji mu tura babur har ƙarshen layin, ai mun saba, sojoji sun koya mana. Idan kuma mai yankewa aka rasa, injina yana nan, kyauta zan yi kamar wancan karon. Amma ba zan taɓa shi a ɓoye ba, sai kana tsaye a wurin, a gaban liman.

Shekaranjiya mun wuce ta bakin layin, Dija ta nuna get ɗin ta tambaye ni wane mugu ne ya ƙera shi. Na ce mata ni ne. Wanda ya liƙe ƙofar kuwa ban faɗa mata ba, don har yanzu Baffa take ce maka, kuma takan durƙusa idan ta gaishe ka. Ina so ka buɗe kafin ta ji daga bakin wani.

Allah Ya ja kwananka, Ya tsare 'ya'yanka a kowace hanya suka bi, Ya kuma sa kada ka ƙara riƙe gaban wata makara daga gidanmu.

Wassalam.

Ƙaninka,
Usmanu mai walda